Sorites Gaɓa Uku Ce

Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Yau muna so mu yi magana da ku, 'yan makarantun gwamnati da na mishan, tun daga Sabon Gari har Samaru, da na nan Palladan da mu ke tsakiya, a kan wata 'yar kalmar Ingilishi mai haruffa bakwai, wadda ba kasafai a kan gamu da ita ba sai cikin littattafan Manɗiƙi, watau ilmin auna hujja. Ga yadda a ke rubuta ta: sorites. Watakila wani ya ce, me ya kai malamin makaranta ga ɓata takarda a kan kalmar da mutum zai shekara saba'in bai ji ta ba? To, mun zaɓe ta ne don tana tona asirin mutane iri biyu waɗanda su ke ɓata muku koyon Ingilishi. Na farko su ne masu dogon Turanci, waɗanda in yaro ya yi tuntuɓe a kalma sai su ƙyalƙyale da dariya, ko su kai hannu ga bulala. Na biyu su ne 'yan ba-ruwanmu, masu cewa lafazi ba kome ba ne, kowa ya faɗi yadda bakinsa ya ga dama, ai an gane. Mu dai mun ce dukansu sun saki hanya, ga kuwa dalilanmu.

Bari mu fara da kalmar kanta. Gaɓa uku gare ta. In kun buɗe ƙamus za ku ga an raba ta haka: so-ri-tes. A baki kuwa cewa a ke yi so-rai-tiz. Gaɓar farko gajera ce, a kan wuce ta da sauri. Ta tsakiya ita ke ɗaukar nauyin murya duka. Ta ƙarshe a kan ja wasalinta kaɗan, sa'an nan a rufe da z. Abin ma ya zo wa Bahaushe da sauƙi, gama so da rai duk kalmominmu ne. Wanda ya tuna cewa babban abokin gaban hujja shi ne son rai, ba zai manta da gaɓa biyu na farkon wannan kalma ba, sauransa guda ɗaya ke nan.

Yanzu a rubuta ta a allo, a ta da yara biyu waɗanda ba su taɓa ganinta ba. Ɗaya ya fito daga ƙauye, ƙarfinsa a karatun Hausa ya ke. Zai dube ta ya bi haruffa ɗaya bayan ɗaya, ya ce so-ri-tes. Ɗayan ɗan gari ne, bakinsa ya faɗa da Turanci, ya san kites da bites da writes, ya san cewa harafin e na ƙarshen irin waɗannan kalmomi bebe ne, ba a faɗinsa. Zai ɗaga kai ya ce so-raits. Mun san wanda aji zai yi wa dariya cikinsu, ɗan ƙauyen nan ne. Amma ku auna da kanku. Ɗan ƙauye ya kawo gaɓa uku cif, ya kuma yanka kalmar daidai inda ƙamus ya yanka ta, abin da ya rage masa gyaran wasali biyu da z ɗin ƙarshe da sanin inda nauyi ya ke. Ɗan gari kuwa ya haɗiye gaɓa guda sukutum, kalmarsa ta gurgunce, sai an karya ta an sake ɗori. Ashe wanda a ka yi wa dariya ya fi mai dariyar kusa da gida. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Dalilin wannan kuwa ba boyayye ba ne. Kalmar ba haifaffiyar Ingila ba ce, baƙuwa ce daga harshen Girka, ta bi ta Latin ta shigo. Tushenta soros, ma'anarsa tsibi ko tuli. Kalmomin Girka masu ƙarewa da es da yawa sun riƙe gaɓarsu ta ƙarshe a Ingilishi. Kun san sunan ciwon sukari, diabetes, ai ba wanda ya isa ya ce daya-bits a asibiti a saurare shi. Haka sunan masanin nan Socrates, gaɓa uku ne, So-kra-tiz. Amma wannan rai da ke tsakiyar kalmarmu aikin bakin mutanen Ingila ne. Tsakanin wajen shekara ta 1400 zuwa ta 1700 dogayen wasulansu suka sauya, dogon i ya riƙa gusawa har ya zama ai. Ana cikin haka William Caxton ya kafa injin buga littattafai a Ingila cikin 1476, rubutu ya soma daskarewa, baki kuwa ya ci gaba da tafiyarsa. Shi ya sa har yau harafinsu ke gabas, lafazi na yamma. Watau su ma sun lanƙwasa kalmar Girka ta dace da bakinsu, kamar yadda mu ka lanƙwasa tasu mu ka sami burodi. Mutanen da suka ƙago kalmar, da za su tashi yau, da sun fi gane bakin ɗan ƙauyenmu.

Ku sani kuma, harshen Hausa yana da dokarsa ta gaɓa, doka kuwa mai tsauri. Siga uku kaɗai gaɓarmu ta ke da su. Ko dai baƙi da gajeren wasali, kamar da. Ko baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, kamar rai. Ko kuwa baƙi da wasali da baƙi, kamar har. Ba ma fara gaɓa da cunkoson baƙaƙe irin na Turanci. In baƙuwar kalma ta zo da cunkoso, sai mu cusa wasali mu raba faɗa, shi ne mu ka sami direba da gilashi da buroshi da firamare. Wannan ba jahilci ba ne, aikin doka ne, kowane harshe kuwa da tasa. Rubutun bokonmu ma da gangan a ka gina shi a kan cewa abin da ka gani shi za ka faɗa. Hans Vischer, wanda a ke kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano cikin 1909, ya tsara ƙa'idodin rubutu cikin 1912. Daga baya nan Zariya, zamanin Dokta East a Hukumar Talifi, a ka tabbatar da haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, don kowane sauti ya sami harafinsa, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma ta baza su ko'ina tun daga 1939. To, mu malamai mu ne mu ka koya wa yaro shekara da shekaru cewa ba harafin banza a takarda. Ran da ya yi aiki da abin da mu ka koya masa, sai mu zane shi? Wannan ba hukunci ba ne, zalunci ne.

Kada kuwa mu yi alfahari mu ce rubutunmu ya faɗi kome. Ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna hawa da saukar murya. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya. Kuka na hawaye da kuka ta miya rubutunsu ɗaya. Baturen da ya koyi Hausa daga takarda kaɗai, in ya zo kasuwar Sabon Gari neman kayan miyar kuka, ba mamaki ya tambayi miyar hawaye bai sani ba. Mu kan gyara masa cikin fara'a, har mu yaba masa don ya yi ƙoƙari. Me ya sa ɗanmu na cikinmu ba zai sami wannan adalci ba? Abin lura a nan shi ne, kowane rubutu yana da abin da ya ɓoye, wanda sai kunne da tambaya ke fito da shi.

Yanzu mu zo ga ma'anar kalmar, gama masu dogon Turanci ba su cika zuwa nan ba. Ma'ana biyu gare ta a Manɗiƙi. Ta farko ita ce hujja mai sarƙa, wadda a ke jera zantuka, ƙarshen kowane ya zama farkon na biye da shi, ba a fitar da sakamako sai can ƙarshe. Ga misali irin na manoman Samaru. Dukan dawa hatsi ce. Dukan hatsi tsiro ne. Dukan tsiro yana bukatar ruwa. Duk mai bukatar ruwa, fari na cutarsa. Saboda haka fari na cutar dawa. Kun ga an tsiba zance bisa zance, shi ya sa a ka kira ta da sunan tsibi. Sharaɗinta ɗaya ne, kowace ƙwarya ta sarƙar ta zama gaskiya. In guda ta tsinke, duka ta zube.

Wannan ilmi kuwa ba baƙo ba ne a ƙasarmu, ya riga Turawa zuwa da nisa. Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, mai sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya yi talifi a kan Manɗiƙi, har ya yi jayayya da Shehu Suyuɗi na Masar, shi Magili yana kare ilmin, Suyuɗi yana ƙinsa. Littafin Sullam na Ahlari, wanda a ka wallafa a ƙarni na 16, malaman zaure sun daɗe suna karantar da shi a ƙasashen nan, a cikinsa kuwa akwai wannan hujja mai sarƙa, ana ce da ita ƙiyasi murakkabi, irin wanda ba a ambaci sakamakon tsakiya ba kuma a ce mafsulun nata'iji. Saboda haka in wani ya yi muku taƙama da sorites, ku sani akwai dattijo a cikin birnin Zazzau zaune bisa buzu wanda ya san abin sarai, sunan Turancin ne kaɗai bai sani ba, shi mai taƙamar kuwa suna ya riƙe, abin ya kuɓuce masa.

To, bari mu ɗora hujjar masu dariya a kan wannan ma'auni, gama ita ma sarƙa ce, ko da ya ke ba su faɗinta a fili. Cewa su ke yi a zuci: wanda ya kuskure lafazin kalma bai iya Ingilishi ba, wanda bai iya Ingilishi ba ba shi da ilmi, wanda ba shi da ilmi daƙiƙi ne, saboda haka yaron nan daƙiƙi ne. Ku ja ƙwaryar farko, za ta tsinke, gama haifaffen London ma in bai taɓa jin sorites ba so-raits zai ce. Ku ja ta biyu, za ta tsinke, gama Magili da Abdulƙadir ɗan Tafa na Sakkwato ba su san Ingilishi ba, wa ya isa ya ce ba su da ilmi? Ku ja ta uku, ita ma haka, gama rashin sani dabam, rashin basira dabam. Sarƙa mai ƙwarya uku, duka ukun ruɓaɓɓu, amma da ita a ke ɗaure bakin yara. Mun sha ganin yaro mai kaifin hankali wanda a ka yi wa dariya sau ɗaya a aji, daga ran nan bai ƙara ɗaga hannu ba har ya bar makaranta. An yi hasarar tambayoyinsa duka saboda wasali guda. Wa zai biya wannan diyya?

Kada 'yan ba-ruwanmu su yi murna, yanzu mun iso kansu, da ma'ana ta biyu za mu kama su. Wani masanin Girka mai suna Yubulaidis, mutumin Militas, wanda ya rayu a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kawo wata tambaya mai ɗaure kai. Ƙwayar hatsi ɗaya tsibi ce? A'a. In an ƙara ɗaya fa? A'a, ƙwaya guda ba ta mai da abin da ba tsibi ba ya zama tsibi. To, a yi ta ƙarawa ɗaya ɗaya, kowane mataki amsa ita ce a'a, har a cika rumbu ana cewa ba tsibi. Ku juya ta baya. Ku tuna dalar gyaɗa da a ke yi a Kano dā, buhu dubbai bisa dubbai. A zare buhu ɗaya, dala tana nan. A zare wani, tana nan. In dai gaskiya ne buhu ɗaya ba ya rage dala da kome, ashe ran da saura buhu guda a fili ma dala ce. Wannan ɗaurin gwarmai shi ma sorites a ke ce da shi, masana kuwa suna ta kai da kawowa a kansa har yau, fiye da shekara dubu biyu.

Wannan ita ce hujjar 'yan ba-ruwanmu ba ragi ba ƙari. Gaɓa guda ce ta faɗi, ba kome, an gane. Nauyin murya ya koma wata gaɓa, ba kome, an gane. Wasali ya sauya, ba kome. Kowane ɗaya shi kaɗai da gaske ƙarami ne, amma da yayyafi kogi kan cika. Ana nan ana zare buhu, ran nan sai yaro ya tsaya gaban mutumin Gana ko na Indiya ko na Amurka yana ta zuba, shi a ransa Ingilishi ya ke yi, mai sauraro kuwa bai tsinci kome ba. Nauyin murya a Ingilishi yana raba ma'ana kamar yadda hawa da sauka ke yi a Hausa. Kalmar present, in ka danna gaɓar farko kyauta ce, in ka danna ta biyu gabatarwa ce. Jarrabawar WAEC kuma tana da sashen da a ke tambayar ku wace gaɓa ce ke ɗauke da nauyi, ba ta kuwa karɓar ai an gane a matsayin amsa. Malamin da ya bar yaro cikin kuskure don gudun wahalar gyara, ya cuce shi daidai da mai bulala, sai dai tasa cutar ba ta barin shaida a baya.

In kun ce, to ina iyaka, me za a riƙe, me za a sassauta? Amsa tana nan bakin ƙofarmu a Palladan, a Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama da a ka kafa cikin 1964. Matuƙan jirgi na duniya da Ingilishi su ke magana da masu tsaron hasumiya, kuskuren lamba guda kuwa na iya cin rayuka. Me hukumar jiragen sama ta duniya ta yi? Ta ce lamba 3 a faɗe ta tiri, kamar sunan itace a Ingilishi, a bar sautin nan na th mai sa harshe tsakanin haƙora, tun da ya ke al'ummai da yawa ba su da shi. Lamba 9 kuwa, don kada a rikita ta da 5 cikin ƙarar rediyo, sai a ka ƙara mata gaɓa, a ka ce naina. Ku duba da kyau. Inda rai ke bisa siraɗi, an yar da ƙawar lafazi, an kama gaɓa. Sautin da masu dogon Turanci su ke dukan yara a kansa, shi a ka fara jefarwa. Gaɓar da 'yan ba-ruwanmu su ke zubarwa, ita a ka ƙara don tsare rai. Wannan ya ishe mu ma'auni: adadin gaɓa da mazaunin nauyi wajibi ne, magana ta hanci irin ta mutanen London kuwa ado ne, wanda ya so ya yi.

Mun san za a ce mana, ai Kwalejin Katsina da a ka buɗe cikin 1922 ta yi suna wajen gyara lafazi, ga Abubakar Tafawa Ɓalewa nan da ya fito cikinta har a ka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya. Gaskiya ne, ba mu kuwa ƙi kowane yaro ya kai can ba. Amma Ɓalewa malamin makaranta ne kafin ya zama Firayim Minista, abin da ya sa duniya ta saurare shi kuwa shi ne kowace gaɓa tana fita sarai, a natse, kuma akwai magana a cikin maganar. Murya ba tare da hujja ba ganga ce, ƙara da yawa ciki fayau.

Saboda haka ga abin da mu ke roƙo. Ku 'yan'uwanmu malamai, kada ku rubuta baƙuwar kalma a allo ku ta da yaro ya yi ta lalube don a sami abin dariya. Ku fara faɗinta da bakinku, bayan kun duba ƙamus, gama mu ma ba a haife mu da ita ba. Ku raba ta gaɓa gaɓa, yara su tafa hannu sau ɗaya ga kowace gaɓa, su ƙarfafa tafi a inda nauyi ya ke. Sa'an nan ku faɗi asalinta da ma'anarta, ku kawo misali daga gona ko kasuwa. Wannan ba sabuwar dabara ba ce, makarantar allo da babbaƙu ta ke farawa, sa'an nan farfaru, baki da kunne suna gaba. Ku tuna Aliyu Namangi na ƙasar Zazzau, mai waƙar Imfiraji. Makaho ne tun yana ƙarami, bai ga harafi ba, amma ya auna gaɓoɓin baitocinsa da kunne, mai nauyi da marar nauyi, ba ta zarce ba ta gaza. Gaɓa abar kunne ce kafin ta zama abar ido.

Ku kuma 'yan makaranta, in kun gamu da kalmar da ba ku sani ba, kada ku yi mata kirdado, kada kuma ku tsallake ta. Ku buɗe ƙamus, ku ƙirga gaɓoɓinta, ku nemi 'yar alamar nan da a ke sawa a gaban gaɓa mai nauyi. Wanda ke da wayar hannu a gidansu ya sa ta faɗa masa ya ji da kunnensa. Wanda ba shi da ko ɗaya ya tambayi malaminsa, matambayi ba ya ɓata. In ɗan ajinku ya yi tuntuɓe, ku gyara masa a hankali, ku tuna gobe ku ne a gaban allo. In kuwa wani ya yi muku dariya, ku tambaye shi cikin ladabi, kalmar nan gaɓa nawa ce, mene ne kuma ma'anarta? In ya amsa, kun ƙaru. In ya yi shiru, kun san nauyin dariyarsa.

Ku faɗe ta sau uku kafin ku ajiye takardar nan, so-rai-tiz, ku danna ta tsakiya. Allah ya buɗa mana basira, ya raba mu da son rai, amin.